Gawar da Telista Ba Ta Roƙa Ba

Duk tulunan da mata suka kawo bakin Ƙofar Gabas sun zama wofi, ban da guda ɗaya. Sofilo, Sankiran birnin Telista, mai shela da kiran sunaye, ya lura da shi ne a wucewarsa, yana biye da keken shanu na ƙarshe. Al'adar garin ce idan mayaƙa suka dawo, kowace mace ta tarbi nata da ruwa, ya sha, ya wanke fuska kafin ya taka cikin gari. Wadda nata ya dawo a kwance kuwa, a gefen keken take zubar da ruwan. Ko ta yaya dai tulu yakan zama wofi. Wannan kuwa cike yake har baki, an rufe shi da ganyen ɓaure, mai shi tana tsaye a bayansa tana kallon hanyar da ba sauran kowa a kanta.

Ya san ta. Melanto ce, matar Timarko Sarkin Yaƙi, ko da yake dokar Telista ba ta kiranta matarsa. 'Yar wani tsibiri ce a ƙetaren teku, shekara ashirin da shida ke nan da ya kawo ta. Telista, kamar yawancin biranen Girkawa, ba ta da sarki. 'Ya'yan gari ne suke taruwa a dandali su yanke magana da ɗaga hannu, su zaɓi masu muƙami shekara-shekara. Amma mutum ba ya zama ɗan gari sai uwarsa da ubansa duk haifaffun garin ne. Shi ya sa ɗansu Fidon, maƙerin tagulla mai shekara ashirin da huɗu, da aka haifa cikin ganuwar nan ya kuma girma a cikinta, ba shi da hannu a dandali, ba kuma sunansa a allon ko ɗaya daga zuriyoyi huɗu na birnin.

Sofilo ya so ya wuce. Ta kira shi a hankali, ta tambaye shi ko akwai wasu a baya. Ya ce babu, shi ne na ƙarshe kamar kullum. Ta tambaye shi waɗanda ke kwance a keken. Ya ce su goma sha tara ne, duk ya san su, shi ya kira sunayensu da bakinsa.

"Ka kira na Fidon, Sankira?"

Tunanin Sofilo ya koma filin daga.

A kan Kwarin Idon Ruwa aka yi yaƙin, kwarin da ke tsakanin Telista da maƙwabciyarta Orkina. Shekara uku rijiyoyin Telista suna ja baya, itatuwan zaitun suna zubar da 'ya'ya tun suna ɗanye, ga kwarin yana hannun Orkina. Da biranen biyu suka gaji da ƙone wa juna gonaki, sai suka yi rantsuwa a bagaden hadaya da ke kan iyaka cewa karo ɗaya za a yi, wanda ya ci ya riƙe kwarin shekara talatin. A wurin Girkawa kuwa ba a gardamar wanda ya ci yaƙi. Birnin da ya aiko manzo yana roƙon gawawwakinsa, shi ya faɗi. In duka biyu suka roƙa, to babu wanda ya ci, kowa ya koma kan abin da yake riƙe da shi dā.

Da hantsi aka ja daga. Mayaƙan Telista suka tsaya sahu takwas, kafaɗa da kafaɗa, garkuwar kowa tana rufe rabin jikinsa da rabin jikin wanda ke hagunsa. Aka busa sarewa, suka taka a hankali, sannan suka ruga. Tagulla ta haɗu da tagulla. Daga nan ba sauran dabara sai turi: na baya suna dafa garkuwa a bayan na gaba, na gaba suna sukar wuya da cinya, ƙafafu suna zamewa a laka. Sau ɗaya gefen hagu na Telista ya buɗe, har aka ga haske ta tsakiyarsa, sai kuma ya rufe. Kafin rana ta karkata sahun Orkina ya tsage, suka watsar da garkuwoyi suka tsallake rafi a guje. Da la'asar manzonsu ya zo da sandarsa ya roƙi gawawwakinsu. Aka sare kututturen itace aka kafa a inda suka juya baya, aka rataya masa kwalkwali da sulke, alamar nasara.

Sannan Sofilo ya hau kan dutse da allunan zuriyoyi huɗu, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Mai rai ya amsa da kansa, wanda ya faɗi maƙwabcinsa ya amsa masa, aka nemo shi aka ɗora a keke. Ba sunan da ya rasa amsa. Ya sauko ya ce wa Timarko kowa ya cika. Shi kuma Timarko, da sara a cinya, ya san ya bar ɗansa a bayan sahu, cikin masu kaya, yana gyaran makaman da suka lalace. Masu kaya sun ɗauka yana wurin ubansa. Da gari ya waye aka kamo hanyar gida da waƙa.

Sofilo ya dubi matar, ya ce mata bai kira ba, domin ba a rubuce yake ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa farashin gishiri, ta ci gaba da kallon hanya.

Kashegari da safe manzon Orkina ya iso, dattijo ne dogo, sandarsa naɗe da farin ulu. Aka shigar da shi zauren majalisa, inda dattawa talatin suke zaune a kan dakalin dutse, Magajin Gari a tsakiyarsu. Ya gaishe su da muƙamansu ɗaya ɗaya, bai tsallake kowa ba, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ya Magajin Gari, ya dattawan Telista, Orkina ta roƙi matattunta, kun ba ta, ba ta musun abin da hakan yake nufi. Amma da muka kwashe namu a cikin ciyawar iwa da ke ƙetaren rafi, mun sami mutum ɗaya da ba mu haifa ba. Garkuwarsa mai kan rago ce, irin taku. Akwai tsohon tabon wuta a damtsensa na dama. Mun wanke shi, mun rufe shi, ba mu wulaƙanta shi ba. In naku ne, ku roƙa, mu ba ku. In rana ta yi tsaka gobe ba wanda ya roƙa, jibi za a fitar da shi bayan dutsen iyaka, inda ake ajiye wanda ba shi da kowa."

Kowa ya san abin da ke bayan dutsen iyaka: karnuka da ungulu. Kowa kuma ya san wanda ba a binne ba, ba ya ƙetare kogin matattu, a bakinsa yake yawo har abada. Ba wanda ya kalli Timarko. Yana zaune da ƙafarsa mai rauni a miƙe, hannuwansa biyu a kan gwiwa.

Da aka fita da manzon, Magajin Gari ya tambayi Mai Duba, mai karanta alamun alloli, abin da ya gani a hadayar godiya ta safiyar nan. Tsohon ya ce an yanka farin sa lafiyayye, hantarsa ba aibi, wuta ta kama da kyau. Amma hayaƙin ya ƙi tashi. Ƙasa ya bi, yana rarrafe ta ƙarƙashin ƙofar haikali, ya nufi gabas. Aka tambaye shi ma'anarsa. Ya ce shi abin da ya gani yake faɗa, alloli ba su karɓa ba, ba su kuma ce sun ƙi ba.

Sai Diyodoro Sarkin Ruwa ya miƙe. Shi ne mai kula da jiragen birnin, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa shekara biyar yana neman kujerar Timarko, ga zaɓe saura wata guda. Ya yi magana a tausashe. Ya ce zuciyarsa tana tare da ɗan'uwansa Sarkin Yaƙi, babu uban da zai ji wannan bai girgiza ba. Amma Orkina ba gawa take miƙo musu ba, igiya ce, in suka kama ta za a ja kwarin a mayar. Ya ce magana irin wannan ta fi ƙarfin dattawa talatin, a kai ta dandali gobe da sassafe, 'ya'yan gari su yanke. Magajin Gari ya tambayi Timarko ko yana da abin cewa. Ya girgiza kai.

Da yamma, rana ba ta faɗi ba, aka aiki Sofilo gidan Timarko ya sanar da shi lokacin taro. Ya tarar da su a tsakar gida, mijin zaune a gindin bagaden gida, matar tana tsaye kusa da murhu. Ya tsaya a zaure, ya rasa yadda zai shiga, ya kuma rasa yadda zai koma.

Timarko yana ce mata da shi kaɗai ne da tuni ya tafi Orkina da rarrafe. Amma gidaje goma sha tara suna makoki a daren nan saboda kwarin, shi ya kai 'ya'yansu, da wane ido zai dube su ya ce sun mutu a banza. Ya ce bai san yaron ya shiga daga ba, ya hana shi, da bakinsa ya hana shi.

Melanto ta bar shi ya gama.

"Uban Fidon, ni ban san kwari ba, ban san rantsuwarku ba, ba a taɓa tambayata ba. Abin da na sani, ranar da ya kwana biyar a duniya ka ɗauke shi ka zaga murhun nan da shi a guje, gaban 'yan'uwanka, ka ce naka ne. Har ka yi tuntuɓe, ƙanwarka ta yi maka dariya. Ba allo a wurin ran nan."

Sofilo ya yi gyaran murya, ya faɗi saƙonsa a gajarce, ya juya. Bai kai bakin titi ba ya ji takunta a bayansa. Ta ce shi ne ya san dokar manzanni, tana son ya gaya mata abu ɗaya: roƙon wa ake lissafa wa birni? Ya ce na manzo mai sanda, ko na kowane ɗan gari da ya furta shi gaban shaidu. Ta ce na baƙuwa fa? Ya gane inda ta nufa. Ya ce a idon doka baƙuwa ba ta da baki, abin da ta roƙa ita kaɗai ta roƙa, bai shafi Telista ba. Amma ya ce ta sani, duk wanda ya bar birni ya shiga na abokan gaba kafin a cika rantsuwar sulhu, Ƙofar Gabas ba ta sake buɗe masa har ya mutu, kuma ba a cika rantsuwar sai bayan girbi.

Ta ce ta ji. Ta roƙe shi kada ya faɗa wa mijinta. In ya sani, sauƙi zai samu gobe, ita kuma tana son ta ji abin da zai ce alhali bai san akwai wata hanya ba. Sofilo ya ce mata shi ne ya yi kuskuren, shi ya sauko daga dutsen ya ce kowa ya cika. Ta ce a'a, abin da aka ba shi ya karanta.

Da sassafe dandali ya cika. Maza 'ya'yan gari suka zauna a cikin da'irar duwatsu, mata da baƙi da bayi suka tsaya a bayan duwatsun, inda doka ta yarda su saurara. Aka zaga da jinin hadaya, Sofilo ya buɗe taro, ya tambaya wa yake son magana.

Wani manomi ya taso, tsoho mai ido ɗaya, sunansa Mikon, hannunsa ɗaure da tsumma. Ya ce shi bai iya magana irin ta manya ba, amma shi ne yake gefen hagu lokacin da sahu ya buɗe. Mutumin da ke damansa ya faɗi a karon farko, haƙarƙarinsa ya zama a fili, yana ganin mashin da zai kashe shi. Sai wani ya zame ya ɗauki garkuwar mamacin ya toshe gurbin.

"Na waiga na ga maƙerin nan. Na ce, kai ɗan tsibiri, wa ya gayyace ka? Ya ce, Baba Mikon, rage magana ka ƙara turi. To, na rage. Garkuwarsa ce ta rufe ni har aka gama. Da Sankira ya hau dutse, na amsa wa mai garkuwar, ban amsa wa wanda ya riƙe ta ba, don ba a kira shi ba. An ce ba ya cikin allo. Gaskiya ne. Sarkin Ruwa yana cikin allo, sai dai ran nan yana can yana gadin teku kada ta gudu."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Diyodoro ya miƙe yana murmushi, ya ce ya gode wa Baba Mikon da ya tuna da shi. Sannan ya juya ya nuna bayan duwatsu, inda matan da suka aske kai don makoki suke tsaye. Ya kira sunayen mutum goma sha tara ɗin a hankali, da na ubanninsu, da na zuriyarsu. Ya ce saurayin jarumi ne, ba mai musu, amma ba birni ne ya aike shi ba, birni bai rubuta shi ba, birni bai rasa kowa ba. Ya tambaye su, in aka roƙa yau, ruwan wane kwari 'ya'yansu za su sha bana, kuma 'ya'yan wa za a sake kaiwa baɗi su mutu a kansa.

Ba wanda ya iya cewa ƙarya ya yi. Magajin Gari ya sa a ɗaga hannu. Sofilo ne mai ƙirga. Masu son a roƙa ba su kai hamsin ba, Mikon da waɗanda suka tsaya gefen hagu, da wasu maƙera. Sauran hannuwan bai ma iya ƙirga su ba. Timarko bai ɗaga wa ko ɗaya ba.

Sai Diyodoro ya ƙara magana ɗaya. Ya ce nasarar nan ta Sarkin Yaƙi ce, bai dace wani ya rufe ta ba sai shi. A sa masa kambin zaitun, shi ya ba manzon Orkina amsa da bakinsa. Jama'a suka ɗauka girmamawa ce, suka yarda. Magajin Gari ya sunkuyar da kai, don shi ya ga abin da aka shirya, amma an riga an ɗaga hannu.

Aka shigo da manzon. Aka ɗora wa Timarko kambi, ya tsaya dafe da mashi saboda ƙafarsa. A al'ada sau uku manzo yake tambaya.

Ya tambaya ko Telista tana roƙon gawar da ke hannun Orkina. Timarko ya ce Telista ba ta roƙon kome.

Ya tambaya ko mamacin ɗan Telista ne. Timarko ya ce ba ɗan Telista ba ne. Wannan kam gaskiya ce a doka.

Manzon ya dube shi, ya dubi goshinsa da girarsa, kamar mai gwada su da wata fuska da ya wanke shekaranjiya. Ya rage murya.

"Sarkin Yaƙi, na bar maganar birni. Ni ma na haifa. Naka ne?"

Sofilo ya san in Timarko ya ce nasa ne, gaban wannan taro, ya roƙa ke nan. Ya ga idon Timarko ya tsallake kawunan maza ya tafi bayan duwatsu. Melanto tana can a tsaye cikin baƙi, ba ta rufe fuskarta ba. An ɗauki lokaci har wani jariri ya yi kuka aka lallashe shi.

"Ba nawa ba ne."

Manzon ya ɗaga sandarsa, ya shaida cewa kwarin na Telista ne shekara talatin. Ya kamata a yi sowa. Wasu suka fara, suka ga ba a taya su ba, suka bari. Mutanen da suka ɗaga hannu ɗazu suka riƙa tashi suna kauce wa idon Timarko, suna ba shi hanya fiye da yadda ake ba mai nasara. Sofilo ya ji Diyodoro yana ce wa na kusa da shi, cikin jimami, shi bai taɓa tsammanin zai iya furtawa ba, kuma ya kamata iyaye su yi tunani kafin wata mai zuwa su sake damƙa 'ya'yansu a hannun mutumin da ya iya wannan. Kafin Sofilo ya fita dandali ya ji maganar ta riga shi gaba, tana yawo a bakin mutanen da ba su san daga inda ta fito ba.

Aikin Sankira ne ya raka manzo zuwa ƙofa. Suna isa suka tarar da ita, da mayafin tafiya, da farin ƙyalle naɗe a hammata, da 'yar kwalbar mai ta shafa wa mamaci. Sarkin Ƙofa ya dubi Sofilo yana neman umarni. Sofilo ya ce baƙuwa ce, ba dokar da ta hana baƙo fita. Manzon Orkina ya kalli ƙyallen, ya kalli fuskarta, bai tambayi kome ba, sai ya rage saurinsa.

Can baya aka ji ƙarar gindin mashi a kan duwatsun titi. Timarko ne yake tahowa yana jan ƙafa, shi kaɗai, kambin yana kansa har yanzu, ya karkace. Ya ga kayan hannunta, ya tsaya cik. Ya kira sunanta sau ɗaya. Ya ƙara taku biyu, har ya kai bakin ƙofar, inda in ya wuce da ƙafa ɗaya, shi ɗan gari, za a lissafa shi roƙo, ya rushe abin da ya saya ɗazu.

Melanto ta gyara ƙyallen a hammatarta, ta bi ta gefensa, ta fita, ta kama hanyar gabas a bayan manzon.